Tikitin Mutum Huɗu

A duk magoya bayan kulob ɗin nan babu wanda bai san Rangwame ba. Sana'arsa gyaran agogo ce, a wani ɗan shago da in ka yi miƙa a ciki sai ka daki bango biyu. Amma ainihin baiwar da Allah ya yi masa ita ce sanin yadda mutum zai hau jirgin ƙasa ya je kallon wasan waje ya dawo, aljihunsa bai san an yi tafiya ba. Ya san jirgin da ya fi arha, ya san ranar da farashi ke sauka, ya san tashar da ake shiga banɗaki kyauta. Ka ce masa sannu, sai ya tambaye ka nawa ka sayi tikitinka, kuma duk abin da ka faɗa sai ya riƙe baki ya ce an cuce ka. Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni. Ko matarsa, in ranta ya ɓaci, Rangwame take ce masa.

Mutane na tsoron tsufa, shi kuwa Allah-Allah yake yi ya tsufa. Dalili kuwa, hukumar jirgin tana ba dattawa wani kati da suke hawa da shi kyauta, duk inda za su, ko sisi ba sa biya. Rangwame ya haddace ƙa'idojin katin nan tsaf, saura shekarun kawai su cika. In ya ga sabuwar furfura a madubi har barka da zuwa yake mata.

Kafin wannan rana mai albarka ta zo, abin da yake taƙama da shi shi ne tikitin mutum huɗu. Takarda ɗaya ce, ragi mai tsoka, amma da sharaɗi: dole ku huɗun ku shiga tare, ku zauna tare, ku sauka tare. In ɗaya ya ɓace, tikitin ya mutu. Saboda haka duk Asabar ɗin da kulob ke wasa a waje za ka gan su a tasha, su huɗu kamar ƙafafun tebur. Ga Rangwame da filas ɗin shayinsa. Ga Mai Aski, maƙwabcinsa, wanda bakinsa da almakashinsa ba a san wanda ya fi aiki ba. Ga Dogo, wanda in ya zauna a kujerar jirgi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Na huɗun kuma Yaya, tsohon kafinta, wan Rangwame uwa ɗaya uba ɗaya, wanda rabon da su yi wa juna magana har 'ya'yansu sun daina tambayar dalili.

Abin ya samo asali ne ranar da Baba ya rasu. Baba shi ya sa musu son kulob ɗin nan, Allah ya yafe masa, kuma da shi ake cika huɗun kafin ciwo ya kwantar da shi Dogo ya gaji kujerarsa. Ranar, Rangwame yana can wani gari ya kwana bayan wasa. Da safe Yaya ya kira shi ya ce jikin Baba ya yi tsanani, ya taho yanzu-yanzu. Akwai jirgin safe mai gudu, mai tsada. Akwai na yamma wanda tikitinsa ke aljihun Rangwame, an riga an biya. Sai ya ce a ransa ai Baba ya saba irin wannan, ya tashi. Ya jira na yamma. Mai gyaran agogo guda, ya iso ya tarar Baba ya cika tun da rana.

Yana shiga tsakar gida, mutane cike, Yaya ya ɗago jajayen idanu ya dube shi ya ce, “Sannu da zuwa. Nawa ka rage?”

Ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. Rangwame bai yafe ta ba, domin gaskiya ce, kuma ta yi masa ciwon da har yau in ya tuna sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Amma da aka koma wasanni sai ga Yaya a tasha, ya miƙa wa Mai Aski kasonsa na tikiti ya ce a ba mai sayowa. Wannan ya yi wa Rangwame daɗi ba kaɗan ba. Ashe mai gori ma ya san daɗin arha! Mutumin da ya tozarta shi a gaban jama'a kan ragi, ga shi ragi ya ɗaure shi yana bin sa gari-gari. Da wannan yake rarrashin zuciyarsa duk tsawon shekarun nan.

Yadda suke zama ma tsari ne. Kujeru huɗu masu kallon juna, ɗan tebur a tsakiya. Rangwame a taga, Yaya can ɗaya kusurwar wajen hanya, iyakar nisan da tikitin ya yarda da shi. Magana kuwa ta bakin Mai Aski take bi.

“Mai Aski, gaya wa wancan bawan Allah ya janye ƙafarsa.”

“Yaya, wai ka janye ƙafarka.”

“Gaya masa ƙafar ta biya kuɗinta.”

“Wai ta biya kuɗinta.”

“Na ji ai, ba kurma ba ne ni.”

Haka za a yi ta yi har a isa, a shiga fili, a ɗura wa kulob ƙwallaye, a dawo. Kulob ɗin kuwa, kada ka so ka gani. In sun samo maki ɗaya a wasan waje, sai a yi mako ana labarinsa a shagon aski.

Ana nan, sai Rangwame ya gano yankan tikiti. Maimakon ka sayi tikiti ɗaya daga nan zuwa can, sai ka saya gunduwa-gunduwa: daga nan zuwa wata tasha a tsakiya, daga tsakiyar zuwa can. Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, ko tashi ba za ka yi ba, amma kuɗin ya fi sauƙi. Kada ka tambaye ni dalili, su kansu masu jirgin ba su sani ba. Ya tsare matar da ke tagar sayar da tikiti, layi ya miƙe a bayansa har bakin titi, ta yi ta danna na'ura tana kiran sunan Allah, har ya tabbatar: yankakken tikiti na mutum ɗaya ya fi kason tikitin huɗu arha. Kowa na iya tafiya shi kaɗai. Ba a buƙatar na huɗu.

Ya koma gida bakinsa har kunne. Matarsa na wanke kwanoni ya tsaya a kanta ya zayyana mata komai, har da zane da yatsa a jikin bango.

Ta ce, “To, Yaya fa?”

“Yaya me? Ya yanki nasa. Ko ya zauna a gida ya ji a rediyo, ya ma fi masa lafiya.”

Ta ajiye soso ta share hannu a zaninta. “Baban yara, ba ka zuwa gidansa, ba ya zuwa naka. Ba waya, ba gaisuwa. Inda kuke shaƙar iska ɗaya a duniyar nan shi ne cikin taragon nan. In ka yaga takardar nan, wallahi sai dai wani ya zo ya gaya maka ya mutu.”

“Ke ba ki san lissafi ba.”

“Ban sani ba kam. Wancan karon ma kai ka sani.”

Ya fita bai ci abinci ba, wanda a wurinsa asara ce babba, tun da an riga an dafa. Amma ya ƙudurta: tafiyar Asabar mai zuwa, wadda ya riga ya sayi tikitinta, ita ce ta ƙarshe. A hanya zai sa Mai Aski ya sanar.

Asabar ta zo. A hanyar zuwa ya yi niyyar faɗa, sai ya ga bari a sha shayi tukuna. Ya zuba wa kowa a murfin filas, ɗaya bayan ɗaya, da ganyen shayin da ke zagaye na biyu a duniya. Yaya ya kurɓa ya ce a gaya wa mai shayin ruwan zafinsa ya yi daɗi. Rangwame ya ce a gaya masa akwai taragon sayar da abinci a gaba ga masu hali. Ya sake yin niyya, sai ya lura hannun Yaya na ɗan rawa da murfin, abin da bai taɓa lura da shi ba, ya kawar da kai ya ce bari sai an dawo.

Wasan kuwa ya tafi yadda aka saba. Golan kulob ya yi ta gaisawa da ƙwallo tana wucewa. Dogo ya hau kan kujera ya zagi alƙalin wasa har muryarsa ta dishe, yana yi yana ɗirkar ruwa. Da aka tashi suka gangaro tasha da la'asar, kowa fuska a murtuke, sai Dogo ya fara taka rawa a tsaye.

Ya ce, “Jama'a, fitsari zai kashe ni. Bari in shiga nan.”

Rangwame ya damƙe masa hannu. “Nan? Na kuɗi ne! Kuɗi za ka ba su a kan abin da kai ne ma ka kawo musu? Fita ka tsallaka titi, bayan gidan mai akwai na kyauta. Yanzu za ka dawo.”

Dogo ya fita da gudu da 'yan ƙafafunsa. Abin da Rangwame bai sani ba, an rushe gidan man tun bara.

Jirgi ya zo. Suka leƙa, babu Dogo. Aka busa usur, babu Dogo. Mai Aski ya ce a jira na gaba, Rangwame ya ce na gaba ai sabon tikiti ne, su shiga, ƙila ya faɗa wani tarago ta baya. Suka shiga. Jirgi na fara motsi wayar Mai Aski ta yi ƙara, sai ga Dogo ta taga, tsaye a bakin layi, waya a kunne, yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya rako baƙi.

Rangwame ya zube a kujera, gumi ya keto masa. Haushin Dogo, haushin gola, haushin kansa, duk suka taru suka nemi wanda za su sauka a kansa. Ya buga tebur.

“Kun gani ko? Wannan shi ne sharrin ɗaure kai da mutane! Mai Aski, gaya wa wancan bawan Allah, daga yau an gama tikitin huɗu. Na samo wanda ya fi shi arha, kowa tasa ta fisshe shi. Ba sai wani ya sake zama yana kallon fuskar wani ba.”

Mai Aski ya ajiye wayarsa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Yaya bai ɗago ba. Ya shafa gefen teburin da babban yatsa, yadda kafintoci ke yi wa katako ko ba nasu ba ne, ya ce, “Gaya masa na ji.”

Shi ke nan. Ba gori, ba baƙar magana. Rangwame ya shirya wa faɗa, ya tanadi amsoshi tun ranar Laraba, ga shi an bar shi da su a baki. Ya juya ga taga.

Ba su yi nisa ba mai duba tikiti ya iso, wani siriri mai gilashi, irin waɗanda aikinsu ke musu daɗi. Ya karɓi takardar, ya karanta, ya ƙirga kawuna, ya leƙa har ƙarƙashin tebur.

“Ina na huɗun?”

Rangwame ya ce, “Yana banɗaki.” Kuma dai ba ƙarya ya yi ba.

“Na wane tarago?”

Mai Aski, Allah ya shirye shi, ya ce, “Na bayan gidan mai.”

Mai duba tikiti ya ninke takardar ya miƙo. “Wannan ta mutu. Ku uku za ku biya cikakken kuɗi, da tara a kai. In babu, ku sauka a tasha ta gaba. Waye ya sayi tikitin? A kansa take.”

Cikakken kuɗi! Rangwame bai taɓa biyan cikakken kuɗin komai ba tun da ya yi wayo. Ya kawo ƙa'ida, aka kawo masa wadda ta fi ta. Ya yi roƙo, ya yi barazanar kai ƙara, ya ce shi abokin cinikin jirgin nan ne tun mai dubawa na tsumma. Duk a banza. Mai Aski ya zaro nasa ya biya yana tsaki. Rangwame ya buɗe walat, wadda dama ba ta saba ganin rana ba, ya tarar abin da ke ciki da ƙyar zai fitar da mutum ɗaya. Shi da yake fitowa da kuɗi daidai wa daida don kada shaiɗan ya sa shi sayen wani abu a hanya. Ga na Yaya kuma a kansa. Duk taragon ya zuba masa ido, har da magoya bayan da ya sha yi wa dariya kan tsadar tikitinsu. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Sai Yaya ya sa hannu a aljihun gaba, a hankali, kamar wanda aka tilasta wa. Ya fito da wani kati ya ɗora a kan tebur.

Rangwame ya gane shi tun kafin ya taɓa teburin. Ta yaya ba zai gane shi ba, abin da yake mafarki? Katin dattawa ne. Gefensa duk ya cinye, robar ta yi dishi-dishi, a hoton kuma gemun Yaya da sauran baƙinsa.

Mai duba tikiti ya juya katin ya ce, “A'a, Baba, ai kai ba ruwanka, kyauta kake hawa. To da wannan a aljihunka me ya kai ka shiga tikitin taro? Katin nan ai ya fi aikina daɗewa.”

Yaya ya ce, “Yi aikinka, ɗana.”

Mai duba tikiti ya karɓi kuɗin Rangwame, ya rubuta rasit, ya wuce yana girgiza kai.

Rangwame ya zauna yana kallon katin. Mutumin da ya san farashin kowace tasha a layin nan, ya san shekarun da ake ba da katin, ya san saura nawa ya samu nasa, bai taɓa zama ya tuna shekarun wansa ba. Da gangan ya ƙi tunawa da duk abin da ya shafe shi. Ƙwaƙwalwarsa, da ba ta iya komai ba sai lissafi, ta kama aiki da kanta. Duk Asabar ɗin nan. Duk kason da ake miƙa wa Mai Aski. Daga kuɗin tsohon da ya ajiye zarto, hannunsa na rawa. Yana da damar hawa kyauta, ya zauna inda ya ga dama, ya miƙe ƙafa ba mai ce masa ya janye. Amma da ya nuna katin sau ɗaya, da huɗu ta koma uku, da Rangwame ya nemo wani ya cike gurbin tun kafin a rufe taga. Ba arha ce ta ɗaure Yaya ba. Saye yake yi, da tsada, kujerar da ke kallon ƙanensa.

Rangwame ya ɗago kai. Ya buɗe baki, ya juya wajen Mai Aski don sabo, sai ya fasa. Ya dubi Yaya kai tsaye, abin da ya manta yadda ake yi.

“Yaya.”

Yaya ya ɗago.

“Nawa ka ɓatar?”

Mai Aski ya gyara zama zai isar da saƙo, Yaya ya ɗaga masa hannu.

“Ban ƙirga ba.”

“Wannan ai hauka ne, Yaya. Asara ce tsagwaronta.”

“Kuɗina ne.” Ya ɗauki katin ya mayar aljihu. Sannan ya ce, “Ranar nan, da ban faɗa maka abin da na faɗa ba. Ni ma ba na wurin. Na fita kiran likita, na dawo na tarar Baba ya cika. Haushin kaina ne na sauke maka.”

Rangwame ya juya ga taga da sauri. Gonaki na wucewa, bai ga ko ɗaya ba. Hawaye ne ke zuba, na gaske, ga Mai Aski zaune, wanda ke nufin kafin Litinin duk wanda ya zo aski zai ji. Bai damu ba. Can ya jawo filas, ya tsiyaye ɗan abin da ya rage a murfi, ya tura gaban Yaya da hannunsa. Yaya ya kurɓa ya yamutsa fuska.

“Wallahi shayinka ba daɗi.”

“Na sani.”

Ranar Litinin, kafin ya buɗe shago, Rangwame ya isa tagar tikiti. Matar na hango shi ta dafe kai ta ce wa na bayansa su nemi wurin zama.

“Yau kuma gunduwa nawa za mu yanka?”

“Na mutum huɗu za ki ba ni.”

Ta sauke gilashinta. “Kai da ka tsare ni rabin yini ka nuna mini yankakken ya fi arha?”

“Na huɗu na ce.”

“To. Zama kamar kullum? Kai a taga, tsohon can kusurwa?”

“A'a. Sa shi a taga. Ni kusa da shi.”

Ta danna, ta duba, ta ce a jirgin ranar sai dai a taragon gaba za a samu haka, kuma akwai ɗan ƙari a kai. Rangwame ya tambayi nawa. Ta faɗa. Ya riƙe baki ya ce an cuce shi, ya runtse ido kamar mai jiran allura, ya tura kuɗin ta ƙarƙashin gilashi.